Tarihin Ratayar Ƙafafun Ƙananan Motocin Aiki: Misalin Citroën 2CV, 1936 zuwa 1990

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu bi diddigin wata matsala guda da ta daɗe tana ci wa maƙeran motoci tuwo a ƙwarya, watau yadda za a haɗa ƙafafun ƙaramar mota da gangar jikinta, har ta iya ɗaukar kaya a kan mummunar hanya ba tare da ta wahalar da mutanen da ke ciki ko ta ɓata kayansu ba. Abin da muke nufi da ratayar ƙafafu shi ne dukkan ƙarafan da ke tsakanin taya da shasi, kamar su sifirin, da shakazoba, da hannuwan da ke riƙe da ƙafa. Ƙaramar motar aiki kuwa ita ce wadda ba ta da nauyi, ba ta da gudu, an kuma yi ta domin manomi ko ɗan kasuwa ko mai sana'a.

Mun zaɓi motar nan ta Faransa mai suna Citroën 2CV ta zame mana misali, domin tarihinta a rubuce yake, an kuma shafe shekara 41 ana ƙera ta a kan tsari ɗaya. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, ƙafafun ƙaramar mota suna da hukuncin kansu, wanda nauyin kaya da halin hanya suke yankewa, don haka duk maƙerin da ya ɗauko tsarin babbar mota ya rage masa girma kawai, to, ya bar matsalar a inda take. Za mu fara da bayanin matsalar, sa'an nan abin da aka gada kafin 1936, kana mu duba yadda aka ƙera motar, da yadda tsarin yake aiki, da abin da aka yi hasara wajen samunsa.

2.0 Matsalar da ke Gaban Maƙerin Ƙaramar Mota

Matsalar ta kasu kashi uku. Na farko shi ne bambancin nauyin mota idan babu kowa a ciki da nauyinta idan ta cika. Mu ƙaddara mutum huɗu ne, kowanne kilo 70, da kayan kilo 50, jimla kilo 330 ke nan. Idan aka ɗora wannan a kan mota mai kilo 1,500, nauyinta ya ƙaru da kashi 22 cikin ɗari. Idan kuwa motar mai kilo 500 ce, ƙarin ya kai kashi 66 cikin ɗari. To, sifirin da ya yi daidai da motar sa'ad da direba ne kaɗai a ciki zai durƙushe in ta cika, wanda kuma ya yi daidai da cikakkiyar mota zai zama kamar dutse in an sauke kaya.

Na biyu shi ne laushin sifirin. Masana sun tabbatar jikin ɗan Adam ya fi samun daɗi idan gangar mota tana lilo sama da ƙasa wajen sau ɗaya a daƙiƙa. Lissafi ya nuna ba a samun haka sai sifirin ya lotsa wajen santimita 25 a ƙarƙashin nauyin motar. Idan lotsawar ba ta wuce santimita 6 ba, lilon zai kai sau biyu a daƙiƙa, wanda shi ne jijjigar da muka sani a bayan akori-kurar da ba ta da kaya. Ashe ke nan mai son laushi tilas ya bar wa ƙafa filin hawa da sauka mai yawa, ƙaramar mota kuwa ba ta da filin.

Na uku shi ne nauyin ƙafar kanta. Taya da wili da birki da aksil duk suna ƙarƙashin sifirin, su ne suke bin tudu da kwarin hanya. Gangar mota ce take danne su ta hanyar sifirin, don haka idan gangar ba ta da nauyi, ƙafar kuma tana da shi, sai ƙafar ta riƙa tsalle tana barin ƙasa. Ƙafar mota tana da nata lilon, wajen sau goma a daƙiƙa. A kan hanyar burji mai gargada wadda tazarar kunyoyinta ta kai santimita 70, motar da ke tafiyar kilomita 25 a awa za ta riƙa dukan kunya wajen goma a kowace daƙiƙa. Wannan ya nuna mana rashin gudu ba ya kuɓutar da mota daga tsallen ƙafa. Tayar da ba ta taɓa ƙasa kuwa, babu birki ko sitiyarin da zai yi aiki a kanta.

3.0 Abin da Aka Gada Kafin 1936

Tun kafin a san mota, masu keken doki a Turai sun san amfanin raba gangar keke da ƙafafunsa. Da fari rataye gangar suke yi da sarƙa ko da igiyoyin fata, daga nan ne ma harsunan Turai suka sami kalmar rataya da suke kiran wannan fanni da ita. A farkon ƙarni na 19 wani maƙeri a Landan mai suna Obadiah Elliott ya yi rajistar sifirin na fallayen ƙarfe da ake ɗorawa kai tsaye a kan aksil. Wannan sifirin mai falle-falle yana da arha, kowane maƙeri yana iya gyara shi, yana kuma riƙe aksil a mazauninsa ba sai an ƙara wasu hannuwa ba. Motocin farko duk shi suka gada.

Motar talaka ta farko da ta cika duniya ita ce Ford Model T ta Amurka, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, har aka yi wajen miliyan 15. Sifirin biyu kawai gare ta, ɗaya a gicciye a gaba, ɗaya a baya, da dogayen ƙafafu, da shasi mai iya murɗewa ya bi karkatar hanya. Ta yi wa manoman Amurka aiki ƙwarai, amma aksil guda ne ya haɗa ƙafar dama da ta hagu, saboda haka duk abin da ɗaya ta taka sai ɗayar ta ji.

Daga shekarun 1920 aka shiga neman hanyar da kowace ƙafa za ta ci gashin kanta. Kamfanin Lancia na Italiya ya fito da mota Lambda a 1922 da irin wannan tsari a gaba. A Jamus Ferdinand Porsche ya yi rajistar tsarin sandar murɗa a 1931, watau sandar ƙarfe da ake kafe bakinta ɗaya, ƙafa ta riƙa murɗa ɗaya bakin, sandar tana ƙoƙarin warwarewa. Citroën ma ya yi amfani da sandar murɗa a motarsa Traction Avant ta 1934. A Amurka kuma, a farkon shekarun 1930, Maurice Olley na kamfanin General Motors ya gano cewa abin da ya fi gajiyar da fasinja shi ne sukuwar mota, watau goshi ya ɗaga baya ya sauka, sa'an nan baya ya ɗaga goshi ya sauka. Maganin da ya bayar shi ne a sa sifirin gaba ya fi na baya laushi. Amma gwaje-gwajen Olley a kan manyan motoci masu dogon shasi aka yi su. Gajeriyar mota ta fi saurin sukuwa, kuma a lokacin babu wanda ya warware mata wannan.

4.0 Daga TPV zuwa 2CV

A ƙarshen 1934 kamfanin Citroën ya karye, sai kamfanin taya na Michelin, wanda ya fi kowa binsa bashi, ya karɓe shi. Daga cikin mutanen da Michelin ya aiko akwai Pierre-Jules Boulanger, wanda ya zama shugaba bayan rasuwar Pierre Michelin a hatsarin mota a 1937. A wancan zamani kusan rabin mutanen Faransa a karkara suke, domin sai a ƙidayar 1931 ne mutanen birni suka fara rinjayar na ƙauye. Yawancin ƙananan manoma da keken doki suke kai amfanin gona kasuwa. Kamfanin taya kuwa babu abin da yake so kamar waɗannan mutane su koma hawa mota.

A 1936 aka fara aikin da aka laƙaba wa haruffan TPV, ma'anarsu da Faransanci mota 'yar ƙarama ƙwarai. Sharuɗɗan da Boulanger ya gindaya su ne, motar ta ɗauki mutanen ƙauye da kilo 50 na dankalin Turawa, ta yi tafiyar da ba ta wuce kilomita 60 a awa ba, ta sha wajen lita 3 a kilomita 100, ta kuma ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai a ciki ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Ya kamata mu lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. Ba a faɗi irin sifirin da za a sa ba, aikin da ake so ya yi aka faɗa, kuma an faɗe shi ta yadda kowa zai iya gwadawa ya gani da idonsa.

Injiniyan da ya jagoranci aikin shi ne André Lefèbvre, wanda ya koyi sana'a a wajen maƙerin jiragen sama Gabriel Voisin, ya kuma saba da auna nauyin kowane ƙarfe kafin ya yarda da shi. An yi gwaje-gwajen a asirce a wani fili mai katanga a La Ferté-Vidame, yamma da Faris. Motar da aka shirya a 1939 jikinta na alminiyam ne, hannuwan ƙafafunta na maganiziyam, fitila ɗaya gare ta, kujerunta kuma rataye suke kamar raga. Sandunan murɗa takwas aka jera a ƙarƙashin kujerar baya, wasunsu ba sa shiga aiki sai nauyi ya ƙaru. Wannan ita ce amsarsu ta farko ga matsalar bambancin nauyi, amma amsa ce mai tsada da wuyar saiti. An yi niyyar nuna motar a bikin motoci na Faris a watan Oktoba 1939, sai yaƙi ya ɓarke a Satumba.

A zamanin mamayar Jamusawa Boulanger ya ɓoye aikin. An farfasa yawancin motocin gwajin, an ɓoye kaɗan, uku daga ciki sai a 1994 aka gano su a saman rufin wani ɗakin ajiya a La Ferté-Vidame. Jinkirin da yaƙi ya jawo ya ba injiniyoyi damar sake tunani. Alminiyam ya yi tsada, sai aka koma farantin ƙarfe marar kauri. Walter Becchia ya ƙera sabon inji mai silinda biyu a kwance, mai si-si 375 da ƙarfin doki 9, wanda iska ke sanyaya shi. Flaminio Bertoni ya gyara siffar jiki. Aka kuma watsar da sandunan murɗa aka koma nannaɗaɗɗen sifirin. Ranar 7 ga Oktoba 1948 aka nuna motar a Faris da sunan 2CV, watau dawaki biyu, bisa ga lissafin harajin motoci na Faransa. Nauyinta wajen kilo 500 ne, iyakar gudunta wajen kilomita 65 a awa. 'Yan jarida sun yi mata dariya, amma da aka fara sayarwa a 1949 sai da masu saye suka riƙa jiran shekaru kafin layi ya zo kansu.

A wannan shekara ta 1948 ne kuma aka fito da Land Rover a Ingila, ita ma domin manoma. Maƙeranta sun bi sawun Jeep ta sojan Amurka, watau aksil guda gaba da baya, da sifirin mai falle-falle, da ƙarfe mai kauri, har nauyinta ya fi ninkin na 2CV. Hanyoyi biyu ke nan na tunkarar mummunar hanya: ɗaya ta jure duka da ƙarfinta, ɗaya ta kauce wa dukan da laushinta.

5.0 Yadda Tsarin Yake Aiki

An ɗan sassauya wasu sassa a shekarun farko. Abin da za mu bayyana a nan shi ne siffar da tsarin ya zauna a kanta.

5.1 Hannuwa

Kowace ƙafa tana bakin dogon hannu guda mai lanƙwasa. Hannuwan gaba sun miƙa gaba daga magaminsu, na baya sun miƙa baya. Kowane hannu yana juyawa a kan boris a bakin wani ƙaton bututu da aka gicciya a kan shasi. A cikin bututun gaba aka ɓoye ƙarfen sitiyari, inda ƙura da laka ba sa kai gare shi. Tsawon hannuwan shi ya ba ƙafa filin hawa da sauka mai yawa. Har ila yau, idan kaya ya danne motar, ƙafar gaba takan ɗan matsa gaba, ta baya ta matsa baya, sai tazarar da ke tsakaninsu, wadda take mita 2.4, ta ƙaru daidai lokacin da ake bukatar motar ta zauna daram. Domin rage nauyin ƙafa kuma, an ɗauke birkin gaba daga wili an manna shi a jikin giyabos, tayoyin sirara ne masu faɗin milimita 125, kowane wili noti uku ke riƙe da shi.

5.2 Tukunya

Babu sifirin a kusa da ƙafa ko ɗaya. A kowane gefe, a ƙarƙashin daɓen motar, akwai wani dogon gwangwani a kwance wanda Faransawa suke kira tukunya. A cikinta akwai nannaɗaɗɗen sifirin biyu, ɗaya na ƙafar gaba, ɗaya na ta baya. Siririyar sanda ta fito daga kowane baki ta tafi ga hannun ƙafa. Idan ƙafa ta hau tudu, hannu yakan ja sandar, sandar ta matse sifirin a jikin murfin tukunya.

Hikimar tana nan: ba a kafe tukunyar a jikin shasi ba, an bar ta tana iya zamewa gaba da baya kaɗan, da ƙaramin sifirin a kowane baki yana tare ta, daga baya aka maye shi da roba. Idan ƙafar gaba ta hau tudu, sai ta jawo tukunyar gaba. Tukunyar kuma ta jawo sandar baya, wadda take tura ƙafar baya ƙasa, watau ta ɗaga bayan motar. Maimakon goshi ya ɗaga shi kaɗai, sai gefen motar duka ya tashi kaɗan a miƙe. Sa'ad da ƙafar baya ta iso tudun sai a yi akasin haka. Idan kuwa ƙafafun biyu suka lotsa tare, kamar in an ɗora kaya a tsakiya ko an sha kwana, to, ana jan tukunyar ta fuska biyu ke nan, sai ta tsaya cik, kowane sifirin ya yi aiki da cikakken ƙarfinsa. Ta haka sifirin ɗaya ya zama mai laushi ga sukuwa, mai tauri ga kaya. Abin da Olley ya nema ta hanyar bambanta sifirin gaba da na baya, an same shi a gajeriyar mota ta hanyar haɗa su.

5.3 Mabugi da Faifan Gogayya

Saura tsallen ƙafa. Shakazoba mai mai da muka sani yana jingina ne da gangar mota kafin ya danne ƙafa, saboda haka yana aika wani kashi na dukan cikin gangar. A mota mai kilo 500 wannan kashi ba kaɗan ba ne. Sai aka ɗaura wa kowace ƙafa wani ɗan gwangwani a tsaye, a cikinsa akwai curin ƙarfe mai nauyin kilo uku da ɗoriya zaune a kan sifirin. Sunan da Faransawa suka ba shi ma'anarsa mabugi. An auna curin da sifirinsa yadda lilonsu zai zo daidai da na ƙafa, don haka idan ƙafa ta fara tsalle sai curin ya riƙa motsi yana saɓa mata, ya kashe tsallen tun a ƙasa, gangar mota ba ta ji ba. Lilon gangar kuwa, wanda yake a hankali, wasu faya-fayan gogayya da ke magamin hannu ne suke rage shi.

Wannan dabara ta curin ƙarfe ba ta tsufa ba. Ita ce aka rataya a saman dogon benen nan Taipei 101 na Taiwan, wanda aka gama a 2004, da curi mai tan 660. Ita ce kuma ƙungiyar tseren Renault ta sa a motarta ta Formula 1 a 2005, har aka haramta ta a 2006.

6.0 Abin da Aka Yi Hasara

Kowane allazi da nasa amanu. Abu na farko da kowa yake gani shi ne yadda motar take kwantawa gefe a kwana, har baƙo ya ɗauka za ta kife. Ba ta cika kifewa ba, domin inji da tukwane duk a ƙasa suke, tayoyin kuma ba sa barin hanya, amma wannan hali ba zai karɓu a mota mai gudu ba. Na biyu, laushin da aka samu ga sukuwa shi ne ya sa idan an loda kaya a baya sai bayan ya zauna, goshi ya kalli sama. Dole ta sa aka yi wa direba wani mamurɗi a ciki wanda zai sunkuyar da fitilu da dare. Na uku, tsarin yana son kulawa: magamin sanduna da na sitiyari suna son giris a kai a kai, cikin tukunya kuma man zurma ake ɗura masa, domin man inji yana lalata roba.

Da hanyoyin Faransa suka gyaru, inji ya ƙaru zuwa si-si 425 a 1954, sa'an nan 602 daga baya, gudu ya haura kilomita 100 a awa. Faifan gogayya da mabugi sun dace da tafiyar gona, amma suka kasa a kan kwalta. Aka sa shakazoba mai mai a baya a 1965, a gaba kuma a 1975, aka cire mabugan. Wannan canji shi kansa hujja ce ga abin da muke faɗa, domin da aikin motar ya sauya sai hukuncin ƙafafunta ya sauya tare da shi.

7.0 Yaɗuwar Tsarin

Shasin 2CV shimfiɗaɗɗen daɓe ne wanda yake ɗauke da inji da ƙafafu duka, don haka ana iya ɗora masa kowane irin jiki. A 1951 aka fito da 'yar motar kaya mai ɗaukar kilo 250, daga baya aka yi mai 400. Bayan an sami man fetur a Hassi Messaoud ta Aljeriya a 1956, aka ƙera 2CV Sahara mai inji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, amma tsadarta ta sa ba a yi ko 700 ba. A 1968 aka yi Méhari mai jikin roba. A Abijan, tun 1963, wasu Faransawa biyu suka fara ɗora jikin farantin ƙarfe da aka lanƙwasa kawai a kan irin wannan shasi, suka kira motar Baby Brousse. Citroën ya ɗauki wannan ra'ayi a shekarun 1970 ya yi shirin FAF, ma'anarsa mai sauƙin ƙerawa, mai sauƙin biya, domin ƙasashen da ba su da manyan injinan matse ƙarfe. Shirin bai yi nisa ba. A 1973 kuma ayarin 2CV guda 60 ya tashi daga Abijan zuwa Tunis, tafiyar wajen kilomita 8,000, ya ratsa hamadar Tenere ta ƙasar Nijar. Rashin nauyi, wanda shi ne tushen matsalar tun farko, ya zama riba a cikin rairayi, domin motar da ta kafe mutane kaɗan ne suke ciccibo ta.

Wasu kamfanoni ma sun koyi darasi. Renault 4 ta 1961, wadda aka ƙera fiye da miliyan 8, ta ɗauki laushi da dogon filin ƙafa, amma da sandunan murɗa, ba tare da haɗa gaba da baya ba. A Ingila Alex Moulton ya nazarci 2CV, ya haɗa gaba da baya ta hanyar ruwa a cikin bututu, a motar Morris 1100 ta 1962. A cikin Citroën kansa, Paul Magès ya bi matsalar bambancin nauyi har ya kai ga ratayar iskar gas da mai, wadda take daidaita tsayin mota da kanta, aka kuma sa ta a motar DS ta 1955. An daina ƙera 2CV ranar 27 ga Yuli 1990 a Mangualde ta Fotugal, bayan an yi fiye da miliyan 5 idan aka haɗa da na kaya. Dokokin hayaƙi da na kare fasinja a hatsari, da yawan aikin hannu da ƙera ta yake ci, su suka kawo ƙarshenta.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa maƙeran 2CV sun raba matsalar kashi uku, sun ba kowane kashi maganinsa: dogon hannu domin laushi, tukunya mai zamewa domin sukuwa da kaya, mabugi domin tsallen ƙafa. Mun kuma ga arhar motar daga dogon nazari ta fito, domin shekara 12 aka yi tsakanin fara aikin da nuna shi.

Wannan tarihi ya shafe mu, domin ƙaramar motar aikin da ta cika titunan Kano da sauran garuruwanmu tun farkon shekarun 2000, watau keke mai ƙafa uku, ita ma 'yar 1948 ce. A wannan shekara kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da Ape daga jikin babur ɗin Vespa, kamfanin Bajaj na Indiya ya ƙera irinta da izininsa, daga can ta iso mana. Nauyinta bai kai na 2CV ba, ƙafafunta ƙanana ne, filin hawa da saukarsu kaɗan ne, kayan da ake ɗora mata kuwa sau da yawa sukan kusanci nauyinta. Ke nan matsaloli ukun da muka lissafa a sashe na biyu duk suna kanta, har sun fi tsanani, kuma mai ciki da majinyaci da tsoho su ne suke ɗanɗana sakamakon a kan gargada.

Shawararmu ga sassan koyar da aikin injiniya a jami'o'i da kwalejojin fasaha ita ce a fara daga inda Boulanger ya fara. A auna tazarar gargadar hanyoyinmu da zurfin ramukansu, a auna nauyin da direbobi suke ɗauka a zahiri, a tambayi makanikai wane ƙarfe ne ya fi karyewa. Sa'an nan a rubuta sharaɗi guda wanda kowa zai iya gwadawa, alal misali a kai tulun ruwa cike daga wannan ƙauye zuwa wancan a ga nawa ya zube. Bayan an yi wannan ne za a san irin sifirin da ya kamata a nema.